Shekarar da Tunatarwar Azumi Ta Zo Daidai

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ni da Ummanki, da fatan kin sauka Zariya lafiya, kin sami ɗaki, kin sami abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Na cusa takardar nan cikin jakar kwamfutarki ne don na san ita za ki fara buɗewa, tun kafin ƙullin dambun naman da Ummanki ta yi miki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Nasihar salla da kamun kai kuwa, Ummanki da gwaggonninki sun yi miki har kunnenki ya yi zafi. Ni abin da na sani shi ne kwamfuta, ita ma rabi da rabi. Shekara da shekaru ina tasowa daga Kibiya a kan babur ina buɗe shagon nan na Rano, ina buga wa mutane katin biki da takardun neman aiki, har ake ce mini Malam Idi Mai Kwamfuta kamar ni na ƙera ta. Amma na tafka kurakurai a gabanta, kuma ba na so ki maimaita ko ɗaya. Wasu kin san rabinsu. Wasu kina makarantar kwana suka faru, muka ɓoye miki don kada karatunki ya rikice.

Bari in fara da allo, wato gilashin da mutum yake zuba wa ido. Tsohon allon shagonmu, babban nan mai baƙin baki, a Kano na sayo shi, na hannu. Girmansa ne ya ruɗe ni. Mai shagon ya ja ni can ciki inda babu haske, ya kunna mini hoton wani kogi yana gudu, ni kuwa na saki baki. Sai da na kawo shi Rano na ga farinsa ba fari ba ne, kalar ruwan kunu ce. Wani Alhaji daga Zurgu ya zo a buga masa katin auren ɗansa, ya ce kore yake so. Na zaɓa masa kore shar a kan allo, firinta ta fito da wani abu mai kama da shuɗi. Na ce, "Alhaji, wallahi a allona kore ne." Ya ce, "To Malam Idi, allon zan raba wa jama'a?"

Don haka in za ki sayi allo, ko wata kwamfutar nan gaba, ki sa a fito miki da ita bakin ƙofa inda akwai hasken rana. Kada ki yarda da hoton da mai sayarwa ya zaɓa. Ki buɗe farin shafi wanda babu komai a kansa ki duba shi lungu-lungu, ki ga ko akwai ɗigo, ko tabo, ko gefen da ya fi wani duhu. Ki karanta ƙananan rubutu na ɗan lokaci, ki ji ko idonki zai yi yaji. Ki karkata ki kalle shi ta gefe. Ƙaramin allo mai faɗin gaskiya ya fi miki amfani, ke da za ki riƙa kallon hotunan ciwo da na magani a karatunki na jinya.

Wanda ya fara gano ainihin cutar allon nan yayanki ne. Kin san bakina ba ya kama sunansa, ɗan fari ne, kuma ko a takarda hannuna ba zai iya ba. Yana taya ni aiki a lokacin. Wata rana ya ƙura wa gilashin ido ya ce, "Baba, allon nan yana riƙe abu. In ka bar rubutu ya daɗe a wuri ɗaya, sai ya bar sawunsa." Na ce masa allo ne, ba bangon ɗaki ba, ya tashi ya ba ni wuri. Ki riƙe wannan maganar tasa, za mu dawo kanta.

Kuskurena na biyu a kan kalanda ne. Kina ƙarama wata shekara na koma gida ranar jajibirin azumi hannu sake, babu tsamiya babu dabino, alhali Ummanki ta yi ta jaddada mini tun da safe. Ranar na sha magana. Yayanki bai manta ba. Da ya tashi tafiya Kudu neman aikin gyaran waya, sai ya zauna ya buɗe wa shagon adireshin imel, ya haɗa kalandar kwamfutar da ta wayarsa. Ya ce, "Baba, duk abin da na rubuta a can, zai fito maka a nan." Sannan ya rubuta tunatarwa yana dariya: "Baba, gobe azumi. A kai wa Umma tsamiya da dabino." Ya sa ta a ranar da ake sa ran jajibiri, ya danna wurin da ke cewa a maimaita duk shekara. Ina tsaye a kansa. Ni da nake ɗaga kai in dubi wata in faɗa miki ko nawa ga wata, ban ga kuskuren ba.

Shekarar farko ta zo daidai. Akwatin ya buɗe a tsakiyar allo da 'yar ƙararsa, na kira shi a waya muka yi dariya, na sayi tsamiya. Kafin wani azumin ya zagayo wayarsa ta daina shiga. Kin san wannan ɓangaren. Kin ga tafiye-tafiyen da na yi, da mutanen da aka aika, da cigiyar da aka bayar. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne, tunatarwar ba ta daina zuwa ba. Shekara ta biyu mun kai goma ga azumi, ina zaune da hantsi bakina a bushe, sai na ji 'yar ƙarar nan. "Baba, gobe azumi." Na miƙe tsaye, na leƙa waje kamar zan gan shi a bakin titi. Sai daga baya hankalina ya dawo, na gane abin da ya faru. Kalandar kwamfuta ta Bature ce, lissafin rana take bi, azumi kuwa wata yake bi, kuma duk shekara yana matsowa gaba da kwana goma da ɗoriya. Na'urar tana maimaita ranar da aka ba ta ne kawai. Shekarar da ta biyo baya saƙon ya same mu a goman ƙarshe. Wata shekarar ya zo yara suna yawo da kayan salla. Daga nan sai ya riƙa zuwa bayan an gama komai, an ma yi sittu shawwal. Duk shekara yana ƙara makara, kamar mutumin da aka bari a baya a hanya yana ta kira, muryarsa tana ƙara nisa. Ban taɓa goge shi ba, kuma ban taɓa sabawa da shi ba. Duk ranar da ya zo ba na iya cin abincin kirki.

Ga nasihata a nan. Ki yi amfani da tunatarwa sosai, don kan ɗalibi cike yake. Jarrabawa, ranar miƙa aiki, lokacin shan magani, duk ki sa, kuma ki sa ta buga tun da sauran lokaci, ba a kan ƙa'ida ba. Amma duk abin da ke bin wata, azumi ne, salla ce, kada ki ce a maimaita shi duk shekara, sai ki sa da hannunki. Duk kuma abin da kika ce a maimaita, ki yanka masa ranar tsayawa. Na'ura ba ta san buƙata ta wuce ba, ba ta san mai maganar ya tafi ba, za ta ci gaba da magana da bakinsa.

Ana nan sai Baffanki Sule ya taso daga Fammar ya same ni a shago. Ya zauna a bencin nan, ya ce, "Idi, shekaru sun ja. A yi wa yaron nan sadaka, a yi masa addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu. Barinsa haka a rataye ba gata ba ne." Na san gaskiya yake faɗa, kuma na gaji. Na ce to, bayan salla. Da na gaya wa Ummanki ba ta yi gardama ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban na shekarar, na buɗe shago da safe kamar kullum. Gari ya waye tas, masu kai kaya kasuwa suna wucewa. Na kunna kwamfuta, na fara buga wa wani malamin makaranta tambayoyin jarrabawa. Sai 'yar ƙarar nan ta buga. Akwatin ya buɗe a tsakiyar allo. "Baba, gobe azumi. A kai wa Umma tsamiya da dabino."

Safiya, nan take na tsayar da aikin. A lissafina saƙon nan ba zai zo ba sai can bayan salla da nisa. Kuma a wannan safiyar babu wanda ya isa ya ce gobe azumi, don ba a duba wata ba tukuna, ana iya cika talatin. Malamin ya ce, "Malam Idi, lafiya? Ka ga wani abu ne?" Na ce masa ya dawo anjima. Na rufe shago na shiga kasuwa, na sayi tsamiya da dabino. Bayan magariba muna tsakar gida rediyo ta ce an ga wata.

Washegari na goyo Ummanki a babur har Rano, da azumi a bakinta. Kin san ba ta karanta boko. Ta tsaya gaban allon ta ce, "Karanta mini." Na karanta. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta miƙa yatsa za ta shafa rubutun, na daka mata tsawa, "Kar ki taɓa!" alhali na san allon nan ba ya jin taɓi. Ta janye hannunta ta ce, "Malam, na'urar nan ta san wata?" Na ce ba ta sani ba. Ta ce, "To wa ya gaya mata?" Ta ce, "Ba za a yi wa ɗana sadakar matattu ba." A gabana ta faɗi "ɗana", ita da ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba saboda kunya.

Baffanki ya ce na'ura ce ta rikice, ko kuma wani abu ne yake wasa da hankalina, in nemi tofi. Limamin unguwarmu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma tunda ba a ga gawa ba babu dalilin gaggawa. Aka ɗaga sadaka. Ni kuma na zuba ido ga tsohuwar ranar, wadda saƙon ya saba zuwa a makare. Ranar ta zo ta wuce, shiru. Ke nan ba sabon saƙo ba ne, tsohon ne aka ɗauko daga inda yake aka dawo da shi daidai. Wani hannu ne ya matsar da shi. Mai rai zai iya duba kalandar masallaci ya yi kirdado ya dace. Abin da nake gaya wa kaina ke nan, kuma yawancin ranaku ina yarda.

A nan na yi kuskure na uku, wanda ya fi ci mini rai. Ban taɓa akwatin ba. A ƙasansa akwai wurin rufewa da wurin buɗewa, na ji tsoron in danna ya ɓace. Sai na bar shi. Duk safiya in na kunna kwamfuta yana nan a tsakiyar allo, ni kuma in ja aikina gefe in yi ta bugawa a takure. Wata da watanni haka. Ko hoto ban ɗauka da waya ba, don a ganina ai ga shi nan, ina zai je? Sai da kika dawo hutu daga baya, kina nuna mini kalandar wayarki, kika ce, "Baba, ka ga, in ka shiga ciki akan ga ranar da aka gyara abu." Kin tuna na tashi na fita ban ƙarasa shayina ba? Kin zaci kin ɓata mini rai ne. A'a, a lokacin babu sauran abin da zan buɗe.

In wani abu ya fito miki a allo wanda ba ki gane ba, ki fara ɗaukar hotonsa. Sannan ki kira wanda ya fi ki sani, ku buɗe tare. Kada ki zauna kina gadinsa. Ni na yi gadi, ban tsira da komai ba.

Ga yadda na rasa shi. Kwamfutar ta tsufa, ta yi nauyi, sai in danna abu in tafi alwala in dawo bai buɗe ba. Cikin watan Rajab, saura kaɗan wani azumin ya zo in ga ko saƙon zai sake dacewa, wani mai gyara da ke zagayowa daga Kano ya biyo. Ya ce, "Baba, akwai wani tsari mara nauyi da ake sa wa tsofaffin injuna. Fuska kawai za ta canza, za ka ga tana gudu." Na ce kayana fa? Ya ce zai kwashe su a filashi. Ya kwashe kuwa, katunan biki da takardun mutane ko ɗaya bai ɓata ba. Ban yi masa maganar akwatin ba. Na ji nauyin in ce wa baƙo ɗana da ya ɓata yana aiko mini da saƙo, kuma na ɗauka shi ma cikin kayan yake. Na tafi sallar azahar na dawo na tarar da wata fuska daban. Maɓallan da na saba gani a ƙasa sun koma gefe, hoton gonarmu da yayanki ya sa a baya ya tafi, 'yan ƙananan alamomin dannawa da ya jera mini yadda hannuna zai same su ko ido rufe duk babu. Na ce, "Ina kalandar?" Ya ce, "Ga sabuwa nan. Faɗo adireshin da kalmar sirri in haɗa maka." Yayanki ne ya buɗe adireshin, shi ya san kalmar, lambar wayarsa ce a jiki. Mun gwada sunan Ummanki, mun gwada naki, mun gwada Kibiya, har aka rufe mana ƙofa.

Mutumin bai cuce ni ba, tsarin nasa ma yana da kyau, har yau da shi nake aiki. In taki ta yi nauyi kina iya sa irinsa. Amma kafin kowa ya canza miki fuskar kwamfuta, ki tambaye shi ko fuskar ce kaɗai ko har da abin da ke ƙarƙashinta zai share. Ki sa ya nuna miki sabuwar daga filashi ki gwada tukuna. Ki zaɓi wadda hannunki zai gane, ba wadda ta fi ado ba. Ki tabbata kin san kalmar sirrin duk abin da yake buɗe a ciki. Kuma ki faɗa masa abin da kike tsoron rasawa, ko da kina jin kunyar faɗa.

Da ya tafi na zauna ni kaɗai. Sabuwar fuskar fara ce fat, babu hoto. Ina kallonta sai na ga wani abu a tsakiya, dishi-dishi. Na goge gilashin da hannun riga, bai fita ba. Akwatin ne. Sawunsa ne ya zauna a jikin allon, kamar yadda yayanki ya faɗa tun farko. Ana ganin kusurwoyinsa huɗu, da layin rubutun, kuma in kin karkata kai kina iya karanta "Baba". Sauran ya dagule. Masu kawo aiki suka fara tambaya, "Malam Idi, mene ne wancan a bayan rubutun?" Sai in ce datti ne.

Na lura in ina aiki da allon sawun yana dushewa a hankali. Shi ya sa na sayi sabo, wannan karon a bakin ƙofa da rana tsaka, na ɗauki tsohon na kai gida. Shi ne abin da ke lulluɓe da zane a kan kabad ɗin Ummanki, wanda kika sha tambaya me ya sa ba a sayar ba. Duk ƙarshen Sha'aban takan ce in ɗauko kwamfutar in haɗa mata. Mu zauna mu kalli farin shafi. Bara da ƙyar na ga harafin farko, ita kuwa ta ce tana ganinsa sarai.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, adireshin nan yana nan a wani wuri da ban sani ba. Wataƙila duk shekara akwatin yana buɗewa a can, a ranar daidai ko a makare, babu mai gani. Amsar da muke nema tana zuwa, mu ne ba ma wurin.

Don haka ga roƙona, kuma shi ne dalilin duk wannan dogon surutu. Kin haɗa kalandarki da sabon adireshin shago kafin ki tafi, na kuma ga kina dariya da na sa ki rubuta kalmar sirrin ki ba Ummanki ta ajiye. Ki yi dariyarki. Amma in azumi ya zo, ki jira a ga wata, ki rubuta mini tunatarwa da hannunki ta same ni da safe. Kada ki danna maimaitawa, ko sau ɗaya, ko don kina tsoron mantawa. In kin manta, gara in ji shiru in hau mota in zo Zariya in yi miki faɗa. Kuma ki fara da sunanki. Ki rubuta "Safiya ce" kafin komai. In 'yar ƙarar nan ta buga ina zaune a shago, ina so in san ko wane ne daga cikinku kafin in ɗaga kai.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya dawo mana da ke lafiya, da ƙafarki, ta ƙofar da kika fita. Ya dawo da na nesa in yana inda ake dawowa. Ummanki tana gaishe ki, ta ce kada ki bar dambun ya daɗe.

Wassalam.

Babanki,
Malam Idi